Wa ya dace ya riƙe sandar orkes ta horo: mai suna ko mai zama?

"Kawu, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Daga Marwa ta Kamaru nake rubuto muku. Mu 26 ne, kowa ya iya abin kiɗansa. Wasu sun taso a badujalar makaranta, wasu a majami'a, mutum huɗu kuma sun yi karatun kiɗa a Kudu. Wani attajiri ya yi alkawarin ɗaukar nauyinmu shekara uku don mu kafa orkes ta horo irin ta Turai da Amurka. To gardama ta tashi a kan wanda zai ja ragamar kiɗan. Wasu na cewa a ɗauko wani shef, wato mai riƙe sandar kiɗa, mai suna daga Yawunde, ya riƙa zuwa sau uku ko huɗu a shekara. Wasu na cewa a ba malaminmu na gida, wanda sunansa bai wuce Marwa ba. Mene ne ainihin aikin irin wannan orkes, kuma wa kuke ganin ya kamata mu zaɓa?"

Ɗana, lafiya lau, na gode da gaisuwa. Allah ya saka wa attajirin nan da alheri, don ba kullum ake samun mai zuba dukiyarsa a kan kiɗa a wajenmu ba. Tambayarka biyu ce, ɗaya goye da ɗaya: me ake kafa irin wannan ƙungiya ta yi, sannan wane irin mutum ne zai iya sa ta yi shi. In ta farkon ta warware, ta biyun ba za ta ba ku wuya ba. Abin da na sani a badujala na same shi. Shekara 31 ina busa tirampet, 12 na ƙarshe ni ke riƙe da sanda, kuma tun da na ajiye kaki nake koyar da samari busa a nan Garwa.

Iya busa daban, iya zama a sahu daban

A nan in an ce orkes, abin da ke zuwa ran mutum shi ne 'yan jita da piyano da ake ɗauka haya ranar biki. A can kuwa ana nufin makaɗa 80 zuwa 100 a dandamali ɗaya, wajen 60 daga cikinsu masu goge ne manya da ƙanana, sauran masu busa da masu ganga, kowa da takardarsa a gabansa, mutum ɗaya tsaye da sanda yana haɗa kansu.

Makarantar kiɗa tana koya wa yaro ya yi kiɗa shi kaɗai. Daga shi sai malaminsa a ɗaki, ya yi wata uku yana goge abu ɗaya har ya yi sheƙi. Ranar da ya sami kujera a babbar orkes sai ya tarar abin ba haka yake ba. A yi bita uku ko huɗu, a fito gaban jama'a a ƙarshen mako, mako mai zuwa a kawo wasu takardun sababbi. Ba mai tsayawa jiransa.

Ban manta ranar da na fara zama cikin manya ba. Ina ɗan shekara 22, na zo na ɗaya a konkur, wato gasar ɗaukar makaɗa, kaina ya kumbura. Aka ajiye ni a tirampet na uku. Takardata ta nuna in yi shiru har gaɓa 48 kafin in shigo. Ina ta ƙirga a zuci, wajen talatin da wani abu hankalina ya tafi kan daɗin da masu kilarinet ke yi, lissafi ya ɓace mini. Na shigo kafin lokaci da gaɓa ɗaya, ni kaɗai, da ƙarfina, a daidai wurin da kowa ya yi tsit. Shef bai ce uffan ba, ya dai sauke sanda ya dube ni ta saman tabarau. Dattijon da ke damana ya zaro guntun fensir daga bayan kunne, ya jawo takardata ya rubuta "tuba" a saman gaɓa ta 45. Na zaci cewa yake in tuba, ashe babban ƙahon nan na sahun baya yake nufi. Ya ce, "Yaro, bar ƙirga kai kaɗai. In ka ji wancan ya shigo, saura uku."

Irin wannan ilimin ake kafa orkes ta horo dominsa. Yadda za ka sassauta sautinka ya narke cikin na maƙwabcinka, yadda mutum huɗu za su ja numfashi lokaci ɗaya ba tare da sun dubi juna ba, sanin inda kai ne da magana da inda kai ɗan amshi ne. Ana ɗaukar waɗanda suka riga suka iya, a sa su yi rayuwar ma'aikatan kiɗa sosai, da bita da wasa da ɗan alawus, amma a wurin da kuskure bai kai ga kora ba.

Yadda wasu suka yi nasu

A 1919 Frederick Stock, shugaban babbar orkes ta Shikago, ya kafa Civic Orchestra, saboda a lokacin yawancin ƙwararrun makaɗan Amurka daga Turai ake samo su, shi kuma yana so a raini na gida. Har yau makaɗan babbar orkes ɗin ne ke koyar da na ƙaramar. Ka ga damuwarsa ba ta da nisa da tamu, mu da in taro ya girma sai an aika Yawunde ko Duwala neman masu kiɗa. A 1972 shef Herbert von Karajan ya buɗe tasa makarantar a cikin orkes ta birnin Balin. Shekara biyu ake yi, ɗalibi na ɗaukar darasi wajen manyan sahunsa, yana kuma zama a gefensu ranar wasa. Yau kusan kashi ɗaya cikin uku na makaɗan wannan orkes daga nan suka fito. Claudio Abbado ya kafa tasa a Biyana a 1986, don matasan Cekoslobakiya da Hungari su sami yin kiɗa tare da na Ostiriya tun Turai na rabe gida biyu. Riccardo Muti ya kafa tasa a Italiya a 2004, ba a ɗaukar wanda ya kai shekara 30, kuma bayan shekara uku sai a ba wasu wuri.

Wadda aka fi ambata ita ce New World Symphony ta Miyami. Michael Tilson Thomas ne ya kafa ta a 1987, da dukiyar Ted Arison, mai kamfanin jiragen ruwa na yawon buɗe ido, da matarsa Lin. Makaɗa 87 take riƙewa, tana ba su masauki da alawus, kowa na iya zama har shekara uku. Duk shekara sama da mutum dubu ke neman gurbin da bai wuce talatin da 'yan kai ba. A 2011 ta koma sabon ginin da Frank Gehry ya zana, inda ake haska wasan a jikin bangon waje, jama'a su shimfiɗa zane a fili su kalla kyauta.

Abin da ya haɗa su duka shi ne ranar fita. Mu ma muna da irin wannan raino tun kaka da kakanni. Yaron makaɗin fada yakan fara da ɗaukar ganga, ya koma amshi, ya daɗe kafin a bar shi ya ja waƙa. Inda muka bambanta shi ne a wajenmu ranar yaye tana hannun ubangida, kuma sau da yawa yaron da ya fi iyawa shi aka fi jinkirta wa, don in ya tafi sahun ya yi rauni. A can an rubuta ranar tun kafin a shiga. Saboda haka ma'aunin irin wannan orkes shi ne inda yaranta suka je bayan sun bar ta. Wasan da ta yi ran Asabar, komai daɗinsa, a baya yake biyowa.

Abin da jagoran yake yi

Mutane na ganin aikin shef shi ne kaɗa sanda ranar wasa. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Jagoran fasaha shi ke zama a konkur ya zaɓi waɗanda za su shiga, kuma a wurare da yawa ana rataya labule tsakanin mai gwaji da alƙalai, don kunne kaɗai ya yi hukunci. Ku ma ku yi haka. A garin da kowa ɗan wani ne, labulen nan zai raba ku da gaba mai yawa. Shi ke tsara abin da za a kaɗa a shekara, kuma a nan ake gane gwani: ya san masu kilarinet ɗinsa suna da rauni wajen sauri, sai ya sa musu abin da zai ja su gaba kaɗan ba tare da ya karya su ba, ya ajiye mai wuyar zuwa wata na takwas. Shi ke juya kujeru, wanda ya yi na ɗaya wannan wata ya koma na uku wata mai zuwa. Shi ke neman malaman da za a gayyato. Sannan shi ke zama da yaro bayan bita ya gaya masa gaskiya, har da gaskiyar da ba daɗi, cewa wane, kunnenka ya fi yatsunka, koyarwa za ta fi karɓar ka.

Dubi waɗannan ayyuka ka gaya mini wanne za a iya yi daga Yawunde. Kusan dukkansu suna bukatar mutumin da ya san yadda kowane yaro ke busa a makon jiya.

Za ka ce ai Tilson Thomas shi ma ba a Miyami ya zauna ba. Gaskiya ne, ya riƙe babbar orkes ta Landan daga 1988 zuwa 1995, ya riƙe ta San Faransisko daga 1995 zuwa 2020, duk yana jagoran ta Miyami. Stéphane Denève, Bafaranshen da ya gaje shi a 2022, shi ma yana riƙe da orkes ta birnin Sen Luwis. Amma lura da abu biyu. Tilson Thomas ya yi ta komawa wurin kowace shekara tun 1987 har 2022, ya ga yara sun shiga sun fita rukuni bayan rukuni. Na biyu, in ya tafi akwai ma'aikata na dindindin, da masu kula da takardu, da malamai da shef-shef baƙi da ke zuwa bi da bi. Gidan ba ya zama kango don maigida ya yi tafiya. Ku ba ku da wannan. In shef ɗinku ya hau mota, daga ku sai kujeru.

Na gani da idona. Wata shekara aka kawo mana wani babban shef, ba zan faɗi sunansa ba, ya yi kwana huɗu da mu. Mutumin ya iya, ba ƙarya. Da ɗaga gira kawai yake sa masu tirombon su sassauta, abin da na yi shekara ina faɗa da baki ba su ji ba. Ranar wasa har ni sai da tsigar jikina ta tashi. Ya tafi Lahadi. Kafin mako biyu kowa ya koma gidan jiya, har da ƙari, don yanzu in na gyara wa yaro sai ya ce ai shef ba haka ya ce ba. Laifin ba na baƙon ba ne. Mu ne ba mu shirya yadda za a riƙe abin da ya kawo ba: ban zauna a bitarsa da fensir ba, ina can ina hidimar masauki da abincinsa.

Shawarata

Ku ba malaminku na gida sandar, amma da sharaɗi, kuma a rubuce. Ku sa wa'adi, shekara uku, da zama a ƙarshen kowace shekara a duba inda aka kwana. Kafin ku ba shi, ku gwada shi kamar yadda za a gwada ku: a miƙa masa kiɗan da bai taɓa gani ba, a ba shi mako ɗaya, ya zo ya yi bita ta minti 40 a gabanku. Ku lura ko yana jin kuskure ya kuma san daga bakin wa ya fito, ko kuwa "a sake daga farko" kawai ya iya. Ku lura ko maganarsa ta fi kiɗan yawa. Shef mai dogon wa'azi yana cinye lokacin yara. In ya faɗi wannan gwaji, to zaman gida kaɗai bai isa ya ba shi kujerar ba, sai ku nemi wani da zai yarda ya tare a Marwa ko da wata takwas ne a shekara.

Akwai haɗari a tattare da malamin gida, kuma gara in faɗa. Ya san ku tun kuna yara, yana da 'yan gaban goshi, kuma abin da bai iya ba ba zai koya muku ba, wataƙila ma ba zai so wani ya koya muku ba. Maganin wannan shi ne shef ɗin Yawunde. Ku ɗauke shi a matsayin babban baƙo, ku rubuta kwanakin bita a kwantiragi, don "sau huɗu a shekara" na iya zama dare huɗu. Kwana goma a jere sau biyu ya fi kwana uku sau shida amfani. A cikin aikinsa ku sa koyar da malamin kansa, shi ma yana bukatar mai duba hannunsa. Sunan baƙon kuma zai yi muku rana ranar da yaranku za su nemi aiki ko gurbin karatu, don takardar shaida daga hannun wanda aka sani tana buɗe ƙofa.

Kuɗi kada ya bi ta hannun mai sanda. Ku sa wani daban ya riƙe asusu da alawus da hayar zaure. Na ga ƙungiyoyi sun watse, kuma ban taɓa ganin wadda kiɗa ya watsa ba, kullum rabon kuɗi ne. Attajirin ma a gaya masa cikin ladabi tun yanzu cewa zaɓen yara da zaɓen kiɗa na jagora ne, kafin ranar da zai aiko ɗan ƙanwarsa da ganga. Ku kuma kuna da baki. A Jamus akwai orkes ta matasa da aka kafa a 1974 wadda makaɗanta da kansu ke zaɓen abin da za su kaɗa da wanda zai tsaya gabansu. Ba na ce ku kai can ba, amma mutum uku daga cikinku su riƙa zama da jagora duk wata.

Marwa ba Miyami ba ce

Yaron da ya fita daga Miyami yana da orkes masu biyan albashi da zai nema. Naku ina za su? Badujalar soja da ta jandarma da ta 'yan sanda, majami'u, koyarwa a makarantu, situdiyo, biki da taron hukuma. To horon ya fuskanci nan. Kowa ya fita yana karanta solfej, wato rubutun kiɗa, da gani ɗaya, yana iya kiɗa da ka ba takarda, ya iya rubuta wa mutum biyar abin da za su busa, ya iya tsayawa gaban aji. Kalandar ƙasa ma ta ba ku ranakun fitowa a kyauta: 11 ga Fabrairu ranar matasa, 20 ga Mayu ranar ƙasa, da bikin kiɗa na 21 ga Yuni.

Ku 26, kuma daga yadda ka bayyana ku na san masu busa sun fi yawa. Kada ku kashe kuɗin shekara uku wajen kwaikwayon orkes mai goge 60. Ku gina a kan abin da ke hannu. A Kinshasa Armand Diangienda, matuƙin jirgin sama ne, ya fara tasa a 1994 da mutane kaɗan da ke karɓa-karɓar goge, in tsirkiya ta tsinke a ɗaura wayar birkin keke, kuma ta zo ta zama abin da duniya ke zuwa kallo. A Akra kuwa Nana Danso Abiam ya bi wata hanya a 1988, ya kafa orkes da kayan gida zalla, sarewa da goge da kora da ganguna. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi.

Na taɓa gayyato wani mai algaita ya busa tare da yarana. Minti biyar ba a yi ba muka gane muryar algaitarsa ta faɗa tsakanin sautukanmu biyu, ba ta nan ba ta can, kuma ba yadda za a murɗa ta. Sai na bar ƙoƙarin jawo shi wurinmu, na sa masu tuba da tirombon su riƙe dogon sauti ɗaya a ƙasa, suka lanƙwasa shi da leɓe har ya zauna da nasa, ganguna suka shiga, aka sakar masa fili. Abin da ya fi ɗaure wa yaran kai shi ne yadda yake kumbura kumatu yana shaƙar iska ta hanci sautin bai yanke ba. Biyu daga cikinsu suka bi shi gida har suka koya. Jagoran da zai raina irin wannan mutum don ba ya karanta takarda bai dace da ku ba. Kakaki dai ku bar shi sai da izinin fadar Lamiɗo, kayan sarauta ne.

Sai yanayi. Kilarinet mai tsada da baƙin itacen Tanzaniya da Mozambik ake yin ta, kuma hunturunmu ba ya raga mata. Wata Janairu na buɗe akwati na tarar da tawa ta tsage daga sama har ramin yatsa na biyu. Ku sayi na roba don aikin kullum, masu itacen kuma a ajiye ɗan soso mai laima a cikin akwatin. Da bazara, in zafi ya haura 40, kayan busa muryarsu hawa take yi, tsirkiya kuma ta saki, sai a yi ta gyaran murya ba a gama ba. Bita da sassafe ko bayan la'asar ta fi, a kuma tsara ta yadda ba za ta ci lokacin salla ko na majami'a ba, tun da ku gauraye ne. Fatar ganga dai ba ku da matsala, majeman Marwa sun ishe ku.

A fannin goge ni ba gwani ba ne, mutumin busa ne, kuma ban ji malaminku yana bita ba balle in yanke masa hukunci. In kuna da masu gogen Turawa ko da huɗu ne, ku sa baƙon farko da za ku gayyata ya zama nasu, don su ne suka fi saurin ɗaukar mugun riƙo in ba mai dubawa. Ku ɗauki gwajin malamin da waya, a ajiye ta a bayan sahu ta fuskanci hannunsa da fuskarsa, kada a yanke wuraren da ya tsayar da ku. In ɗayanku zai shigo Garwa ya biyo da shi, mu zauna mu saurara tare.